Waiwaye Adon Tafiya: Kafin Ka Sayi Kyamarar Filin Wasa

Babu cinikin da ke hana mai ɗaukar hoto barci kamar cinikin kyamarar filin wasa. Mai hoton biki da suna zai iya lallaɓawa da 'yar madaidaiciya, domin amarya za ta tsaya masa, in ma ta ƙifta ido sai ya ce a sake. Amma ɗan ƙwallo ba ya tsaya wa kowa. Ɗan dambe kuwa in ya yi kisa, wa ya isa ya ce masa ya tayar da wanda ya faɗi su maimaita don mai hoto bai shirya ba? Saboda haka kayan wannan aiki suke da ɗan karen tsada. Manyan kyamarorin da kamfanonin Sony da Nikon da Canon suka fitar tsakanin 2021 da 2024, kowace ta shigo kasuwa a kan dala 5,500 zuwa 6,500, gangar jikin kawai ke nan, ba a yi maganar gilashin da za a ɗaura mata ba. Kuɗi ne da in saurayi ya zuba su ba bisa ƙa'ida ba, zai daɗe bai farfaɗo ba.

To, ni dai a nawa ganin, ɗan'uwa mai karatu, wanda bai san yadda aka faro ba, ɗan kasuwa zai juya shi yadda ya ga dama. Duk wata lamba da ka gani an rubuta a jikin kwalin kyamara, amsa ce ga wata matsala da ta taɓa ci wa na baya tuwo a ƙwarya. In ka san matsalar, sai ka tambayi kanka ko kai ma tana damunka. In ba ta damunka, ka ga ke nan babu dalilin biyan kuɗin maganinta. Shi ya sa na ga ya dace mu ɗan waiwaya, tun da masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Abin ya samo asali ne daga gardama a kan doki. Tsohon gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka, Leland Stanford, attajiri ne mai kiwon dawakin sukuwa. Ya so ya tabbatar ko akwai lokacin da doki mai gudu ke ɗauke ƙafafunsa huɗu gaba ɗaya daga ƙasa. Idon ɗan Adam ya kasa raba gardamar, sai ya ɗauki wani mai hoto ɗan asalin Ingila, Eadweard Muybridge, aiki. A watan Yuni na 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanya, ya tsallaka zare daga kowace ɗaya zuwa ɗaya gefen. Da doki ya taho a guje, sai ya riƙa tsinka zaren ɗaya bayan ɗaya, kowace kyamara ta ƙifta a kan lokacinta. Da aka wanke hotuna, sai ga doki a sama, babu kofato ko ɗaya a ƙasa. Abin mamakin ma, a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin cikinsa, alhali masu zane sun shekara aru-aru suna zana su a miƙe gaba da baya. Gani ya kori ji.

Ka lura da abin da Muybridge ya yi, domin har gobe shi ne tushen sana'ar. Na farko, ya sa ƙyauren da ke buɗe wa haske hanya ya buɗe ya rufe cikin ɗan lokaci ƙanƙane. Na biyu, ya ɗauki hotuna da yawa a jere. Bari in yi maka lissafin na farkon. Ɗan tseren mita 100 yana cin kimanin mita 10 a sakan ɗaya. In ƙyauren kyamararka ya buɗe na kashi ɗaya cikin 60 na sakan, mutumin ya matsa kusan santimita 17 kafin ya rufe, sai hoto ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa hannu. In kuwa kashi ɗaya cikin 1,000 ne, santimita ɗaya tak ya matsa. Wani Bajamushe, Ottomar Anschütz, ya yi rajistar irin wannan ƙyaure mai saurin kashi ɗaya cikin 1,000 a 1888, aka sa shi cikin kyamarar da mutum ɗaya zai iya riƙewa. Wato saurin da ake taƙama da shi yau a matsayin ma'aunin hoton wasa, an same shi tun sama da shekara 130 da suka wuce.

Matsala ta gaba ita ce nisa da nauyi. 'Yan jaridar Amurka na wancan zamani da manyan akwatunan Graflex suke aiki, masu cin faifan fim ɗaiɗai, ka ɗauki hoto ɗaya, ka zare faifai, ka zura wani. Don jawo nesa kusa a manyan filaye, sai suka ɗaura wa akwatin wani ƙaton gilashi mai kama da bututun igwa, har suka laƙaba masa suna Big Bertha, sunan wata igwar Jamus ta Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai an kafa shi wuri ɗaya, mai hoto ya riga ya auna inda yake zaton abu zai faru, ya zauna jira. Sauƙi ya fara zuwa a 1925, da kamfanin Leitz ya fito da Leica, ƙirar Oskar Barnack, 'yar ƙarama mai cin fim ɗin milimita 35, hoto 36 a naɗi ɗaya. A gasar Olamfik ta Barlin a 1936, wadda Jesse Owens ya ci zinare huɗu, kamfanin Zeiss ya fitar da gilashi mai tsawon milimita 180 da faffaɗar kafar haske ta f/2.8, aka sa masa suna Olympia Sonnar. Riƙe wannan lamba ta 2.8, za mu sake haɗuwa da ita. Daga nan sai Japanawa suka karɓi tuta. Nikon F ta fito a 1959, ana iya ɗaura mata injin da ke jan fim da kansa har hoto huɗu a sakan, kuma zuwa gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964 ta zama abin rataye a wuyan manyan 'yan jarida.

Amma fa kada ka zaci sauri ne ya yi hotunan da duniya ta kasa mantawa. Ranar 25 ga Mayu 1965, a garin Lewiston na jihar Maine, Muhammad Ali ya kayar da Sonny Liston a turmin farko, ya tsaya a kansa yana daka masa tsawa ya tashi. Wani yaro ɗan shekara 22, Neil Leifer, shi ya ɗauki hoton nan mai launi da kowa ya sani. Kyamarar Rolleiflex ce a hannunsa, da fitilun da ya sa aka rataya a saman dandalin, waɗanda in sun haska sau ɗaya sai an jira sun sake cika. Dama ɗaya yake da ita, bai kuwa kuskure ta ba. In ka ƙura wa hoton ido, tsakanin ƙafafun Ali za ka hango wani mutum mai sanƙo da tabarau. Herb Scharfman ke nan, babban abokin aikinsa a mujallar Sports Illustrated, wanda ya fi shi daɗewa a sana'a, amma ranar kujerarsa tana bayan Ali, ƙeya kawai yake gani. Kai, wurin zama ma rabo ne.

Bayan shekara uku, a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, Bob Beamon ya yi tsallen mita 8.90. Wanda ya kama shi a sama, baki buɗe, wani akanta ne daga Landan mai suna Tony Duffy, wanda ɗaukar hoto sha'awa ce kawai a wurinsa a lokacin. Wannan hoto ya raba shi da aikin lissafi, ya kafa kamfanin hotunan wasanni na Allsport, wanda Getty Images ya saya a 1998. Haka kuma ranar 22 ga Yuni 1986, a filin Azteca, Maradona ya sa hannu ya tura ƙwallo ragar Ingila. Alƙalin wasa Ali Bin Nasser ɗan Tunisiya bai gani ba, amma kyamarar da ke bakin fili ta gani, hotonta ya zama shaidar da ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Duk da haka kamfanoni ba su daina tseren sauri ba. Canon ya yi wata F-1 ta musamman mai hoto 9 a sakan don gasar hunturu ta Sapporo a 1972, sannan a 1984 ya yi mai hoto 14 a sakan. Sai dai kash, fim ɗin hoto 36 ne, kafin sakan uku ya ƙare tas, ka koma kana canza naɗi ana cin ƙwallo a gabanka. Ga kuma wani lissafi da 'yan kasuwa ba sa son faɗa. A ce kana ɗaukar hoto 10 a sakan, kowane da saurin kashi ɗaya cikin 1,000. In ka tara su duka, kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ɗin kawai kyamararka ta gani, sauran 99 sun wuce tana rufe da ido. Ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita uku tsakanin hoto da hoto. Wanda ya danne maɓalli kamar mai harbin kan mai uwa da wabi, zai iya tashi da hoton kafin ƙwallo ta iso kai da na bayan ta bar kai, ya rasa na tsakiya, wanda shi ne edita ke nema.

Yanzu bari mu juya ga gilashi, wanda masu sana'ar ke kira lens. Iri biyu ne: akwai mai tsawo ɗaya da ba ya canzawa, akwai kuma zum, wanda kake murzawa ya jawo nesa ko ya mayar. Zum na farko da aka yi wa kyamarar hoto mai fim ɗin milimita 35 shi ne Zoomar na 1959, ƙirar Frank Back, wanda kamfanin Voigtländer ya sayar, daga milimita 36 zuwa 82. Shekaru da dama ƙwararru suna yi wa zum kallon hadarin kaji, suna da hujja kuwa, domin na farko-farkon hotonsu ba ya fita garau, ga cin haske. Sai a ƙarshen shekarun 1980, da Nikon da Canon suka fito da zum mai 80 zuwa 200 wanda kafarsa ke tsayawa a f/2.8 daga farko har ƙarshe, sannan manya suka fara sakin jiki da shi. A 1995 Canon ya fitar da 70 zuwa 200 f/2.8, a 2001 ya ƙara masa na'urar da ke rage rawar hannu. Nikon ya yi 200 zuwa 400 f/4 mai saita kansa a 2003, Canon ya biyo da nasa a 2013, da ƙarin wani ɗan gilashi a ciki da kake turawa da yatsa ya ninka tsawon sau 1.4. Farin fentin da kake gani a dogayen gilasan bakin fili ma yana da dalili. Canon ya fara shi a 1976 don kada zafin rana ya dumama bututun ya gurɓata hoto. Mu da muke ƙasar rana ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Kafin 1985, hannun mai hoto ne ke murza gilashi yana bin ɗan wasa don ya fito sarai, aikin da sai an shekara ana koyo. A shekarar ce Minolta 7000 ta shigo da saiti mai yin kansa ta hanyar da ta karɓu a kasuwa. Sai Canon ya yi wata kasada a 1987. Ya watsar da tsohon bakin da ake ɗaura gilashi, mai suna FD, ya ƙirƙiro sabo mai suna EF, ya mayar da injin saiti cikin gilashin kansa. Waɗanda suka tara gilasan FD na maƙudan kuɗi suka wayi gari kayansu ba sa shiga sababbin kyamarori. An yi ta ƙorafi, amma saurin saitin ya sa zuwa farkon shekarun 1990 masu hoton wasa da yawa suka yi ƙaura zuwa Canon, bakin fili ya yi fari fat. Nikon kuwa ya riƙe bakinsa na F tun daga 1959, sai a 2018 ya fito da sabo mai suna Z. Abin lura a nan, sayen kyamara tamkar neman aure ne, da dangi gaba ɗaya kake ƙulla zumunta. Gilasan gidan da ka shiga su za ka yi ta saya, fita kuma ba ta da araha.

Saura matsala ɗaya, wadda ita ce ta haifi kyamarar dijital, wato isar da hoto. Tun 1935 kamfanin dillancin labarai na AP ke tura hoto ta waya, amma kafin a tura sai an wanke. A manyan gasanni akan ajiye yara masu gudu, su karɓi fim daga bakin fili su kai ɗakin wanki na wucin gadi, a wanke, a busar, a zaɓa, sannan a tura ta layin tarho. Da irin wannan wahala aka yi gasar Kofin Duniya ta 1994. Ranar 21 ga Yuni, a filin Cotton Bowl na Dallas, Finidi George ya miƙo ƙwallo, Rashidi Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya, ƙwallon Nijeriya ta farko a tarihin gasar. Ya bi ta har cikin raga, ya cusa hannuwa ya damƙi zaren yana ihu. Nijeriya ta ci uku da nema. Yekini ya rasu a 2012, amma yaron da ba a haifa ba a 1994, in ka nuna masa hoton nan zai gane ko wane ne. Mutanen da ke tsugune a bayan ragar nan ranar, yawancinsu fim ne a kyamarorinsu, hoto 36 ne iyakar jarinsu kafin su canza.

Ita dijital ta daɗe tana rarrafe. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa ta farko: nauyinta kilo 3.6, hotonta ɗigo 10,000 kacal, baƙi da fari, sai ta yi sakan 23 tana rubuta hoto ɗaya a kaset. A gasar Olamfik ta Los Anjelas a 1984, Canon da jaridar Yomiuri Shimbun suka gwada tura hoton lantarki zuwa Japan ta tarho ba tare da fim ba. A 1991 Kodak ya ɗauki gangar jikin Nikon F3 ya sa mata farantin lantarki mai ɗigo miliyan 1.3, amma ma'ajiyar hotunan wani akwati ne daban da mai hoto ke rataya a kafaɗa kamar ɗan koli. A 1994 AP da Kodak suka fitar da NC2000 don 'yan jarida, kuɗinta ya kusa dala 18,000, hotonta bai kama ƙafar fim ba wajen kyau. Me ya sa aka saye ta? Saboda jarida ba ta jira. A 1996 AP ya ɗauki wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, Super Bowl, da dijital zalla.

Daga 1999 abin ya koma gudu. Nikon D1 ta fito da ɗigo miliyan 2.7, hoto huɗu da rabi a sakan, a kan ƙasa da dala 6,000. Canon EOS-1D ta biyo a 2001 da ɗigo miliyan 4 da 'yan kai, hoto 8 a sakan. Ina so ka tsaya a nan ka yi tunani. Da waɗannan 'yan ɗigo aka cika shafukan farko na manyan jaridun duniya shekara da shekaru. Wayar da ke aljihunka yau ta ninka su, amma je ka bakin fili da ita ka gani. A 2007 Nikon D3 ta zo da faranti mai girman fim ɗin milimita 35, ɗigo miliyan 12, tana iya aiki cikin ƙarancin hasken da a da sai dai a haƙura. Wannan ya dawo wa Nikon da mutane da yawa. Gaba da gabanta.

Juyi na baya-bayan nan shi ne cire madubi. Tsofaffin kyamarori suna da madubi a ciki da ke ɗagawa duk lokacin da aka ɗauki hoto, idon mai hoto ya yi duhu na ɗan lokaci, ga ƙara kamar keken ɗinki. A 2017 Sony α9 ta fito babu madubi, hoto 20 a sakan, shiru, ido kuma ba ya ɗaukewa. A 2020 AP ya sanar da komawa kayan Sony gaba ɗaya. Nikon Z9 ta 2021 ta yar da ƙyauren ƙarfe kwata-kwata. Sony α9 III, wadda aka sanar a ƙarshen 2023, tana ɗaukar hoto 120 a sakan, farantinta kuma yana karanta hoton gaba ɗaya a lokaci guda, don haka sandar folo ko ƙwallo mai gudu ba ta fitowa a lanƙwashe. Canon EOS R1 ta 2024 tana yin 40 a sakan. Waɗannan suna gane idon mutum su bi shi, wasunsu ma sukan ajiye hotunan da suka gabaci danna maɓalli. Manyan masu madubi na ƙarshe, Nikon D6 da Canon 1D X Mark III, duk a 2020 suka fito.

Amma dubi abin da ya faru a Riyo a 2016. A zagayen kusa da na ƙarshe na tseren mita 100, Usain Bolt ya waiwayo yana murmushi, abokan tserensa na bayansa suna fama. Cameron Spencer na Getty ya ɗauki hoton da zum ɗin nan na 70 zuwa 200, kuma da gangan ya rage saurin ƙyaure zuwa kashi ɗaya cikin 40, yana juya kyamara daidai da gudun Bolt, sai fuska ta fito sarai, ƙafafu da bango suka zama iska. Kyamarar da ke hannunsa tana iya kashi ɗaya cikin 8,000, ya ajiye wannan gefe ya yi aiki da basira. Haka a 2024, Jérôme Brouillet na AFP yana cikin kwalekwale a Tahiti ya kama Gabriel Medina ɗan Birazil tsaye a sararin sama bisa igiyar ruwa, yatsa a ɗage. Ya san wurin, ya san ɗabi'ar mutumin, ya san inda zai ɓullo.

To, me wannan dogon tarihi ya koya wa mai shirin ciniki? Ni abin da na ɗauka na farko shi ne, fara da gilashi. Gangar jiki duk bayan 'yan shekaru sai an yi wadda ta fi ta, kuɗinta ya faɗi, amma gilashi mai kyau yakan yi wa mutum shekara goma ko fiye. Kuma ka fahimci lambar nan ta f. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki biyu na mai f/4, ninki huɗu na mai f/5.6. Ma'ana, inda mai 2.8 zai ba ka saurin kashi ɗaya cikin 1,000, mai 5.6 zai tsaya a kashi ɗaya cikin 250, in sauran abubuwa daidai suke. Da rana tsaka ba za ka ji bambancin ba. Amma wasanninmu da yawa da la'asar ake farawa, dambe ma wani lokaci sai dare, ƙarƙashin fitilun da ba su taka kara sun karya ba. A nan ne mai araha zai ba ka kunya. Araha dai ba ta ado.

Na biyu, auna filinka. Filin ƙwallo na ƙa'ida mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. In kana bayan raga, 70 zuwa 200 zai kama maka duk abin da ya faru a da'irar mai tsaron gida da kewayenta, wanda nan ne ake cin ƙwallo, nan ake murna. Tsakiyar fili kuwa sai 300 ko 400. Filin folo, irin wanda ake bugawa a Katsina da Kano da Kaduna, ya kai yadi 300 a tsawo, can sai mai 100 zuwa 400 ko abin da ya fi, kuma da yake da rana ake yi, ƙaramar kafa ba za ta cuce ka ba. Dambe da kokawa da ƙwallon kwando kuwa kusa ake zama, 70 zuwa 200 ya wadatar. Ƙaton nan mai 400 f/2.8 da kake gani a talabijin, na 1991 ya haura kilo shida, na 2018 ya dawo ƙasa da kilo uku, amma kuɗinsa ya ninka na gangar jiki wajen sau biyu. In ba wani kamfani ne zai saya maka ba, bar shi tukuna. Akwai dabara: kyamara mai ƙaramin faranti, irin su Nikon D500 ta 2016 ko Canon 7D Mark II ta 2014, tana sa gilashin 200 ya yi kamar na 300 ko ɗan fiye, kuma kowace tana yin hoto 10 a sakan.

Na uku, wajen gangar jiki kada yawan ɗigo ya ruɗe ka. Canon R1 da Sony α9 III, duk tsadarsu, ɗigo miliyan 24 da 'yan kai ne, domin masu ƙira sun san aikin ya fi buƙatar sauri da gani cikin duhu. Abin tambaya shi ne: saitinta yana manne wa ɗan wasa in wani ya gitta ta gabansa? Hoto nawa take yi a jere kafin numfashinta ya ɗauke ta tsaya rubutawa a kati? Yaya hotonta yake in an ɗaga ISO zuwa 6,400? Tana cin kati biyu, don in ɗaya ya lalace kada aikin yini ya bi ruwa? Kar ka raina ta hannu. Da manya suka koma marasa madubi, sun saki tsofaffinsu a kasuwa, irin su Canon 1D X ta 2012 mai hoto 12 a sakan, wadda aka ɗauki gasar Olamfik ta Landan da ita. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai ka sa a duba maka sau nawa ƙyaurenta ya ƙifta, domin kamfanin ya auna ta a kan 400,000, ka haska fitila cikin gilashi ko akwai fumfuna, ka kuma gwada ta a kan yaro mai gudu kafin ka ƙirga kuɗi.

Na huɗu, tuna inda kake. Ƙurar hunturu abokiyar gabar farantin kyamara ce, duk cire gilashin da ka yi a fili ka buɗe mata ƙofa. Wannan wata fa'idar zum ce a wurinmu, ka ɗaura shi tun daga gida ka ƙyale. Marasa madubi sun fi cin batir, wutarmu kuma ka san halinta, don haka ware kuɗin batir biyu ko uku, da kati mai sauri, da sanda mai ƙafa ɗaya ta tokare gilashi. Ka tambaya ko akwai mai gyaran irin wadda kake so a kusa. Sannan ka zauna ka yi lissafin wanda zai sayi hoton da nawa zai biya, kafin ka sayar da gonar gado ko ka ci bashi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da ya sa na damu da wannan magana har na ɓata takarda a kanta, ya wuce batun ciniki. Yau in aka ce Shago, da yawanmu ta bakin Ɗan Anace muka san shi, makaɗi ne ya riƙe mana shi. Amurkawa kuwa suna da Ali a tsaye kan Liston, jikokinsu na kallo. A 1999 da 2009, da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasannin matasa na duniya, an buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, muka ga baƙi da dogayen gilasansu sun ɗauki abin da suka zo ɗauka sun tafi. Amma damben Kano da Sakkwato, da kokawar takobi ta Nijar, da sukuwar bayan gari, da wasan Kano Pillars na ranar Lahadi, in ba namu ne suka tsuguna a bakin fili ba, wa zai yi mana? Don haka nake son saurayin da zai shiga sana'ar ya sayi abin da zai iya riƙewa ba tare da bashi ya kore shi bayan shekara ɗaya ba, ya kashe ragowar ƙarfinsa wajen sanin wasan da sanin inda zai zauna, ya kuma riƙa rubuta suna da rana da wuri a kan kowane hoto, ya adana shi wuri biyu. Nan zan dasa aya, sai mun haɗu a maƙala ta gaba.